Fayilolin Shimfiɗa na Gama-gari a Manhajar GDB: Aikinsu da Sunan da ya Dace da su a Hausa

1.0 Gabatarwa

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi da koyarwa. Fannin kwamfuta bai shiga ciki ba, domin ba shi aka sa a gaba ba a lokacin. Daga baya masu fassara a gidajen rediyo da jaridu da kamfanonin manhaja sun yi ta cike wannan giɓi, amma sau da yawa ta hanyar jera kalmar Ingilishi a hagu a nemo mata ta Hausa a dama, ba tare da an tsaya an ga abin da kalmar take nufi a wurin masu aiki da ita ba. Irin wannan fassara takan yi daɗin ji, sai dai takan koya wa ɗalibi abin da ba haka yake ba.

Wannan maƙala za ta ɗauki abu guda ƙarami ta bi shi daki-daki, wato fayilolin da manhajar GDB take karantawa a duk lokacin da aka tashe ta, musamman wanda ya shafi dukkan masu amfani da na'ura ɗaya. Za a bayyana yadda suke aiki, sa'an nan a nuna cewa sunan da ya dace da su shi ne “shimfiɗa”, kuma kiran su “doka” ko “ƙa'ida” kuskure ne. An zaɓi zangon Hausawa na Agege a matsayin fagen misali saboda dalilan da za su fito a gaba.

2.0 Fagen Nazari

Agege tana arewacin birnin Legas, wanda Hausawan da suke kira Ikko, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. Cinikin goro da na dabbobi ne suka tara Hausawa a wurin, har unguwar Zango ta kafu da Sarkin Hausawanta da masallatanta da makarantun allonta. Yaron da ya tashi a nan, ko a Idi-Araba ko Obalende, yakan yi Hausa a gida, Yarbanci da Buroka a kasuwa, Ingilishi kuwa a makaranta. Ga kuma Ikeja maƙwabciyar Agege, inda babbar kasuwar kwamfuta da wayoyi da ake kira Computer Village take.

Abin da ya sa wannan wuri ya dace da batun shi ne rabon na'ura. Inda kowane ɗalibi yake da kwamfutarsa, saitin da ya yi nasa ne shi kaɗai. Amma a ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta, irin wadda ake samu a unguwannin talakawa, na'ura ɗaya takan wuce ta hannun mutane da yawa a yini guda, kuma malami ɗaya ne yake kula da ita. A nan ne tambayar wanda yake da ikon tsara yadda kayan aiki za su tashi take da nauyi.

3.0 Manhajar GDB da Sunan Aikinta

Richard Stallman ne ya fara rubuta GDB a 1986, a ƙarƙashin shirin GNU da ya sanar a 1983 a Amurka. Aikinta shi ne ta ba mai rubuta manhaja damar tsayar da manhajar tasa a kowane layi ya so, ya bi ta taki-taki, ya leƙa abin da take riƙe da shi a ƙwaƙwalwar na'ura, har ya gano inda ta kauce. Turawa suna kiran kuskuren manhaja da kalmar da take nufin ƙwaro. Akan danganta wannan da wani ƙwaro da aka ciro daga na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard a 1947, ko da yake injiniyoyi sun riga sun daɗe suna amfani da kalmar, domin ta fito a wasiƙar Thomas Edison ta 1878.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce “magyarin kuskure”. Matsalarta ita ce GDB ba ta gyara kome. Nunawa kawai take yi, mutum ne yake gyarawa. Hausa tana da gajeren siga na sunan mai aikatawa da yake haɗuwa da karɓau, kamar a maci-amana da masha-ruwa da maƙi-gudu. A bisa wannan tsari ana iya cewa mabi-sawu, domin abin da manhajar take yi bai bambanta da na mai bin sawun ɓatacciyar dabba ba. Da wannan suna za a ci gaba a sauran maƙalar.

4.0 Jerin Fayilolin Farawa

Kafin mabi-sawu ta saurari umarnin mai amfani, takan karanta wasu fayiloli ta aiwatar da abin da yake cikinsu, tamkar mutum ne ya buga shi da hannu. Uku ne manya, kuma ga jerin da take bi:

(1) fayil na gama-gari, wanda ya shafi kowa a na'urar
(2) fayil na gida, wanda yake cikin jakar mai amfani
(3) fayil na wurin aiki, wanda yake cikin jakar da aka tashe ta a ciki

Da kalmar jaka ana nufin ma'ajiyar da ake tara fayiloli a cikinta. Na (2) da na (3) tsofaffi ne, kuma sunansu na asali ɗaya ne, wato .gdbinit. Tsakanin karanta na (2) da na (3) ne ake ɗora manhajar da za a bincika, bayan na (3) kuma sai umarnin da mutum ya rataya wa GDB a layin da ya kira ta. Bugu na 11 da ya fito a 2021 ya ƙara wani fayil mai suna gdbearlyinit da ake nema a gidan mai amfani tun kafin na (1), amma aikinsa taƙaitacce ne, bai wuce saita abubuwan da dole a san su kafin manhajar ta rubuta kome a fuskar kwamfuta ba.

Fayil na (1) shi ne abin nazari a nan. Ya shigo a 2009, shekarar da bugu na 7.0 ya fito. Abin lura game da shi shi ne ba shi da tsayayyen mazauni. Wanda ya harhaɗa manhajar shi yake zaɓar inda zai zauna, ta hanyar zaɓin --with-system-gdbinit, kuma idan bai zaɓa ba to babu fayil na gama-gari ke nan sam. Shi ya sa a Debian da Ubuntu ake samun sa a /etc/gdb/gdbinit, a Fedora kuwa a /etc/gdbinit. Mai son sanin inda nasa yake sai ya buga gdb --help, zai ga an lissafa masa fayilolin farawa a ƙarshen bayanin. Idan mazaunin da aka zaɓa yana cikin babbar jakar da aka girka GDB a ciki, to in an kwashe jakar gaba ɗaya zuwa wani wuri fayil ɗin zai bi ta. Idan kuwa a waje yake, kamar misalan nan biyu, yana nan inda aka ce ko ina aka kai manhajar.

GDB tana zuwa da fayiloli biyu shiryayyu a wata jaka mai suna system-gdbinit, wato elinos.py da wrs-linux.py. Na farko na masu aiki da ELinOS ne, wanda kamfanin SYSGO na Jamus yake yi, na biyu kuma na masu aiki da Wind River Linux. Duka biyun sun shafi yanayin da ake zaune a gaban kwamfuta ana binciken manhajar da take gudana a wata ƙaramar na'ura dabam, kuma aikinsu shi ne su nuna wa mabi-sawu inda za ta sami kwafin kayan haɗin waccan na'urar. Kasancewarsu a jakar ba ta sa a karanta su ba. Sai an ambaci ɗayansu a lokacin harhaɗawa, ko mai amfani ya kira shi da kansa da umarnin source.

5.0 Shimfiɗa ko Doka

A nan ne mai fassara yake iya tuntuɓe. Tunda mai kula da na'ura ne kaɗai yake da ikon rubuta fayil na (1), tunda kuma ya shafi kowa, hankali yakan tafi ga kalmomi irin su doka da ƙa'ida da hukunci. Amma jerin da aka bayar a sama ya nuna akasin haka. A tsarin GDB saitin da ya zo daga baya shi yake shafe wanda ya gabace shi. Idan malami ya rubuta set pagination off a fayil na gama-gari, ɗalibi kuma ya rubuta set pagination on a na gidansa, maganar ɗalibi ce za ta tsaya. Bugu da ƙari, duk wanda ya kira manhajar da gdb -nx ya tsallake fayilolin baki ɗaya, wanda ya ce gdb -nh kuwa ya tsallake na gida kawai. Ke nan wanda ya fara magana shi ne mafi ƙarancin iko a kan yadda za a ƙare.

Abin da mutum yake iya turewa ba tare da wani hukunci ya hau kansa ba bai cancanci sunan doka ba. Kalmar shimfiɗa ta fi kusa, ta fuskoki biyu. A ma'anarta ta zahiri ita ce tabarma ko darduma da mai gida yake tanada kafin baƙo ya iso. Baƙon yana iya zama a kanta, yana iya ɗora tasa a bisa, yana iya naɗe ta. A ma'anarta ta aro kuwa, masu nazarin adabi sun riga sun saba da ita a matsayin abin da ake gabatarwa kafin a shiga gundarin magana. Duka ma'anonin suna ɗauke da “abin da ya riga”, babu wadda take ɗauke da tilas. Don haka ana ba da shawarar waɗannan:

(4) shimfiɗar gama-gari
(5) shimfiɗar gida
(6) shimfiɗar baƙo

Suna na (6) yana bukatar hujja, kuma tsarin zango ne ya ba da ita. Abner Cohen, a littafinsa Custom and Politics in Urban Africa na 1969, ya bayyana yadda cinikin goro da shanu yake tafiya a Sabo ta Ibadan. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka a wurin mai gida, wanda yake ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya a kan bashin da ke tsakaninsa da masu saye. Ba a hana baƙo ciniki, amma amincin da ake ba shi ta hannun mai gida yake bi. Wannan tsari sananne ne a zangunan Kurmi gaba ɗaya, har da na Agege.

Fayil na (3) baƙo ne a wannan ma'ana, domin yawanci ba mai na'urar ne ya rubuta shi ba. Yakan zo ne tare da jakar manhaja da aka sauko da ita daga intanet ko aka kwafo daga wurin aboki. Haɗarin kuwa babba ne, saboda a cikin umarnin GDB akwai shell, wanda yake iya sa na'ura ta yi duk abin da mai amfani yake da ikon yi, har da goge fayilolinsa. Shekaru da dama GDB tana karanta irin wannan fayil ba tare da tambaya ba. Daga bugu na 7.5 na 2012 sai aka sauya: ba za a karanta shi ba sai in jakarsa tana cikin jerin amintattun wurare, in ba haka ba manhajar za ta ƙi, ta rubuta gargaɗi. Ana ƙara wuri a jerin da umarnin add-auto-load-safe-path, kuma tunda ba a karanta baƙon fayil sai an riga an amince da shi, ba ya iya tsaya wa kansa. Sai shimfiɗar gida ko ta gama-gari, ko mai amfani da hannunsa, sun tsaya masa.

Gargaɗin da manhajar take rubutawa yana ambaton hanyar kashe wannan kariya ɗungurungum, wato set auto-load safe-path /. Malamin da ɗalibai suka dame shi da tambaya a kan gargaɗin yana iya jarabtuwa ya sa wannan layi a shimfiɗar gama-gari don ya huta. In ya yi haka ya buɗe ƙofa ga kowane baƙo a madadin mutanen da ba su san an buɗe ba. Wannan shi ne ainihin ƙarfin shimfiɗar gama-gari. Ba ta tilasta wa kowa, amma mafi yawan masu koyo ba su san da ita ba balle su sauya ta, saboda haka abin da aka shimfiɗa musu a kansa suke zama.

6.0 Inda Hausa Take Shiga

Ga masu nazarin harshe, amfanin wannan fayil bai tsaya ga sunansa ba. Shi ne wuri guda da malami zai taɓa sau ɗaya ya sauya yadda manhajar take mu'amala da Hausa ga duk ɗalibansa.

Abu na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8 kowane harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ kowannensu biyu yake ci, haka ma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan mabi-sawu ba ta gane tsarin ba, takan nuna lambobin bayit ɗin a lissafin tushe takwas maimakon harafin:

(7) ƙasa → \306\231asa
(8) ɗaki → \311\227aki
(9) ɓera → \311\223era

Ɗalibin da ya ga (7) yana iya zaton manhajarsa ce ta lalata rubutun, ya ɓata yini yana neman kuskuren da babu shi. Saituna biyu na GDB sun shafi wannan, wato set charset UTF-8 da set print sevenbit-strings off, kuma ana iya tabbatar da su a shimfiɗar gama-gari. Sai dai ikonta yana da iyaka. Manhajar tana dogara ga saitin yanki na ita kanta na'urar wajen sanin harafin da za a iya nunawa, kuma ana ɗaukar wannan saiti kafin a buɗe kowane fayil. A Linux akwai saitin yanki na Hausar Nijeriya mai suna ha_NG, tare da yo_NG na Yarbanci da ig_NG na Ibo, kuma kowane saiti mai UTF-8 zai wadatar. Na'urar da aka bari a kan tsohon saitin da bai san kome ba sai haruffan Ingilishi, a can ya kamata a fara gyara.

Abu na biyu shi ne sunayen umarni. Tun 2012 GDB tana da umarnin alias da yake ba da damar yi wa wani umarni laƙabi, ga kuma define da document waɗanda ake ƙirƙirar sabon umarni da su a rubuta masa bayani. Malami yana iya rubuta:

(10) alias gudu = run
(11) alias taka = step
(12) alias duba = print

Ɗalibi ya samu laƙabin Hausa, na Ingilishi kuma yana nan bai gushe ba, abin da yake da muhimmanci ga wanda gobe zai nemi aiki a Ikeja inda ba a san laƙabin ba. Wahalar tana wurin umarnin break, wanda yake sa alama a layin da ake son manhaja ta tsaya in ta iso. “Tsaya” bai dace sosai ba, domin ƙi-karɓau ne, kuma yana nuna tsayawa nan take. “Tsayar”, aikatau ɗan aji biyar a rabon Parsons na 1960, ya fi shi, amma shi ma bai nuna jira ba. Kalmar da ta fi kowacce dacewa ita ce “ɗana”, kamar yadda ake ɗana tarko a koma gefe. Abin takaici, sunan umarni a GDB ba ya karɓar harafi mai lanƙwasa. In kuwa aka rubuta “dana” an koma ga tsohuwar cutar da take haɗa ƙasa da kasa, ɓata da bata, wadda tun shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa don magance ta. Bai kamata kayan koyarwa su zama su ne masu koya wa yaro watsi da lanƙwasa ba.

To ko a ce “tarko”? A nan ma akwai cikas. GDB tana karɓar guntun umarni muddin babu wani da ya fara da haruffan. Ƙwararru sun saba buga tar a maimakon target. Da zarar an shimfiɗa laƙabin tarko, tar ya zama mai harshen damo, manhajar za ta ƙi shi. Haka “tsayar” zai yi wa tsa na tsave, “duba” kuma ya yi wa du na dump, ko da yake waɗannan biyun ba a cika bukatarsu a ajin masu koyo ba. A shimfiɗar gida wannan matsalar mutum ɗaya ce da ya jawo wa kansa. A ta gama-gari kuwa ta shafi har wanda bai ji Hausa ba, kuma a Agege benci ɗaya yakan ɗauki Bahaushe da Bayarabe da Ibo. Mai ƙirƙirar kalma a wannan fage dole ya duba jerin umarnin da ake da su kafin ya duba ƙamus. Inda Hausa take da cikakken 'yanci shi ne bayanin da ake rubutawa da document da layukan sharhi masu farawa da alamar #, domin a can lanƙwasa ba ta da shamaki.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda za a taɓa a gurguje. Sababbin bugun GDB suna iya sauko da bayanan bincike daga intanet ta hanyar debuginfod, kuma fayilolin sukan yi nauyi. Daga bugu na 12 na 2022 akwai saitin set debuginfod enabled mai karɓar on ko off ko ask. A cibiyar da take sayen data da awo, layi ɗaya a shimfiɗar gama-gari ya isa ya hana ɗalibi ashirin amsa “i” ga tambayar da ba su fahimta ba.

7.0 Jakar Shimfiɗa da Jerin Abacada

Fayil guda yana da wani rauni. Idan umarni ɗaya a cikinsa ya ci karo da kuskure, GDB takan daina karanta sauran layukan da suke ƙasa da shi. Bugu na 9 da ya fito a 2020 ya kawo zaɓin --with-system-gdbinit-dir, wanda yake ba da damar keɓe jaka sukutum. Bayan an karanta babban fayil sai a bi waɗanda suke cikin jakar ɗaya bayan ɗaya, muddin sunansu ya ƙare da .gdb, ko .py na harshen Python, ko .scm na Guile. Malami yana iya ware saitin haruffa a fayil ɗaya, laƙabin Hausa a wani, amintattun wurare a na uku, ta yadda tuntuɓen ɗaya ba zai kayar da sauran ba, kuma cire laƙabin Hausa ba zai wuce ɗauke fayil guda ba.

Littafin jagoran GDB ya ce ana bin fayilolin ne bisa jerin abacada, kuma tunda na baya yana shafe na gaba, jerin yana da tasiri. Amma abacadan da ake nufi ba na Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ba ne, inda ƙ take bin k, ɗ take bin d. Na'ura lambobin bayit take jerawa. Kamar yadda misalai na (7) zuwa (9) suka nuna, lambobin haruffa masu lanƙwasa sun ɗara na dukkan haruffan Ingilishi, don haka ƙamus.gdb zai zo bayan zango.gdb, kuma ƙ za ta riga ɓ da ɗ. Babban baƙi ma yana riga ƙarami, wato Zango.gdb zai gabaci abinci.gdb. Mafitar da masu kula da na'urori suka saba da ita ita ce fara sunan da lamba, kamar 10-haruffa.gdb da 20-laƙabi.gdb da 30-amintattu.gdb, ana barin tazarar goma-goma don a sami inda za a cusa wani fayil daga baya.